Kujerar Direba a Shagon Tela

A shagon Tela akwai keken ɗinki biyu, da dogon teburin yanka, da madubin gwaji, da talabijin da aka maƙala a sama kusa da fanka, da benci guda na katako. Sai kuma kujerar, wadda a kanta dattawa biyu masu furfura suka shekara da shekaru suna abin da ko jikokinsu za su ji kunyar yi.

Ba wata kujerar a-zo-a-gani ba ce. Kujerar direban bas ce, baƙa, fatarta ta tsage a gefe Tela ya ɗinke da zare mai kauri. Tana da wani ƙarfe a dama, in ka ja shi sai ta kwanta da kai baya. Asalinta ta Yaya ce, wan matar Tela, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kanta yana jan mota daga tasha zuwa tasha. Ranar da kamfani ya sayar wa masu gwangwan da motar, Yaya ya je da sifana ya kwance abarsa ya kawo gida. Matarsa, Allah ya jiƙanta, ta ce ba dai a ɗakinta ba. Haka kujera ta sami masauki a shagon mijin ƙanwarsa, wai kafin a samo mata wuri.

A nan ne ciwon tanis ya kama su. Duk danginsu babu wanda ya taɓa riƙe raket, wato abin buga ƙwallon, kuma da farko ko lissafin makin ba su gane ba. Tela ne ya faɗa tashar talabijin da ake nuna wasan yana neman labarai, suka tsaya kallon mutum biyu suna jifan juna da ƙwallo ta saman raga, Yaya yana cewa wannan ai rashin aikin yi ne. Bai tashi ba sai da aka gama.

Gwanaye biyu ne suke jan zarensu a lokacin. Sunayensu sun gagari harshen surukan, don haka suka raɗa musu nasu. Ɗaya dogo ne mai zafin hannu, in ya buga ƙwallo ba ka ganinta sai dai ka ji ƙara, suka sa masa Tsawa. Ɗayan ba ya sauri ba ya fushi, duk inda ka jefa masa sai ya lallaɓa ya dawo maka da ita, har ka gaji ka zubar da kanka. Shi ne Kunkuru. Abin dariyar, Tela da yake iya ɓata rabin yini a kan wuyan riga ɗaya, shi ya ɗauki Tsawa. Yaya kuwa, wanda fasinjoji suka sha roƙo ya rage gudu, ya ce duniya ba shi da gwani sai Kunkuru.

Tsallaken titi akwai shagon caca, inda samari suke cika kullum, kowa ya duƙufa a kan waya, a fito wasu na dariya wasu na zagin ɗan wasan da bai san da zamansu a duniya ba. Yaya ya raina su ƙwarai. Ya ce wanda ya sa kuɗi a kan wasa ba wasan yake kallo ba, aljihunsa yake kallo. Amma da musu ya yi zafi wata rana, shi da bakinsa ya buga hannu a kan kujerar ya ce in Tela ya yarda da gwaninsa, ga abin da za a sa. Duk ranar da Tsawa da Kunkuru suka haɗu, wanda nasa ya ci shi ke da kujera har zuwa haɗuwa ta gaba. Wanda ya faɗi ya koma benci, kuma ba a so a ji ƙorafi daga bakinsa, kalma ɗaya ce aka yarda ya faɗa: sai sun sake haɗuwa. Auta, matar Tela, ta ce caca dai caca ce ko da a kan tsintsiya aka yi ta. Suka ce mata wannan ba caca ba ce, ra'ayi ne.

Doka ta biyu Tela ne ya ƙirƙiro ta, kuma don mugunta ya yi. Wata shekara Kunkuru ya ci, amma ana tsakiyar wasa Tsawa ya yi wani bugu da ya sa Yaya ya manta kansa ya tafa. Ana gamawa Tela ya tsare shi, ya ce wanda ya tafa wa gwanin wani ya saki nasa, saboda haka bai ci komai ba. Aka yi ta cacar baki har maƙwabta suka leƙo. Daga ƙarshe Yaya ya sauka yana huci, ya ce to a riƙe, doka ta zama doka a kan kowa. Tun daga ranar, in ana wasa, hannuwansa a harɗe suke a ƙirji.

Haka kujera ta yi ta yawo tsakaninsu ba tare da ta motsa daga inda take ba. Kuma gaskiyar magana, Tela bai san wani jin daɗi da ya kai na yammacin da ake wasan nan ba: a ja labulen ƙofa, a kashe keke, ga shayi a filas, ga Yaya a gefe yana yi wa Tsawa baƙar addu'a. Ko ranar da ya faɗi, da murmushi yake rufe shago.

Sai shekaru suka fara karɓar nasu. Gwiwar Kunkuru ta soma ba shi matsala, Tsawa ya rinƙa cinye shi a kai a kai, Yaya ya daɗe a benci har katakon ya yi sheƙi a wurin zamansa. Shi ma bayansa, wanda ramukan hanya suka jijjiga tsawon rayuwa, ya kai shi asibiti aka yi masa aiki. Ya fito da sanda, da wata ɗamara mai tauri a ƙarƙashin riga. Yanzu 'yarsa, wadda kowa yake kira Nas saboda aikinta, ita take kawo shi shago a mota ta dawo ta ɗauke shi.

Ana cikin haka aka sanar cewa Kunkuru zai ajiye raket bayan babbar gasar da ake yi. Kamar an shirya, ya lallaɓa irin tasa har ya kai wasan ƙarshe, ya tarar da Tsawa yana jiransa. Haɗuwar da babu wata bayanta ke nan. Wanda ya ci kujera ranar Lahadi ya ci ta har abada.

Tela ya fara murna, sai Nas ta zo karɓar ɗinkinta ta kashe masa jiki. Ta ce duk ranar da babanta ya zauna a bencin nan, sai ya yi kwanaki ba ya iya miƙewa ko alwala. Ta yi masa magana, likita ya yi masa, ya ce su ba su san doka ba.

"Baba Tela, wannan Lahadin zan kawo shi, don in na hana shi ba zai yafe mini ba," in ji ta. "Amma in benci ne makomarsa, daga ranar na daina. Ya kalla a gida."

Tela ya san abin da kallo a gida yake nufi. Yaya shi kaɗai a ɗaki, ga talabijin ga shiru, babu wanda zai zaga. Shi kuma ya zauna a nan cikin kujerar da ya ci, yana yi wa bango ihu. Abin ya tsaya masa a rai, har ya yanka hannun riga biyu duk na hagu.

Ya gwada hanya mai sauƙi tukuna. Da Yaya ya leƙo tsakiyar mako, Tela ya ce ai kujerar nan tun asali tasa ce, ya hau abarsa kawai a bar maganar. Yaya ya dube shi tun daga hula har takalmi ya tambaye shi ko yaushe ya fara raba sadaka. Tela ya kawo kujerar roba mai hannu daga gida, Yaya ya rataya sandarsa a jiki ya zauna a benci. Tela ya kwana biyu yana ɗinka matashi mai laushi da ragowar yadi da soso, Yaya ya juya shi ya yaba ɗinkin, sannan ya ajiye shi a kan teburin yanka. Ya ce wanda ya faɗi katako ne rabonsa, haka aka yi da Tela, haka za a yi da shi.

Auta ce ta kawo dabara, tana tsince shinkafa ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce ita ba ta ga abin wahala ba. Ba shi ya kafa dokar tafi ba? To ya tafa wa Kunkuru mana, kowa ya huta. Tela ya kalle ta, yana mamakin yadda matar da take cewa ba ta sauraron shirmensu ta riƙe dokokin fiye da su. Ya ce ai Yaya zai gane. Ta ce to ya yi yadda ba zai gane ba, shi da yake iya rantse wa mai ɗinki cewa kayansa saura maɓalli alhali ko yankawa bai yi ba.

Ranar Asabar, da ya rage shi kaɗai a shago, Tela ya tsaya gaban madubin gwaji yana koyon tafi. Ya gwada na wanda abu ya ba mamaki, ya gwada na wanda ya manta kansa, har da ɗan dafe baki a ƙarshe. Ko shi da ya kalli kansa bai yarda da mutumin da yake cikin madubin ba.

Lahadi da la'asar Nas ta sauke babanta. Ya shigo cikin farar riga mai guga kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya zauna a benci a hankali, yana cije leɓe don kada a ji nishinsa. Tela ya hau kujera, ita kuwa ranar kamar an zuba mata ƙaya. Tsallaken titi shagon caca ya cika har waje, kusan kowa Tsawa ya bi.

Ba a daɗe da farawa ba Kunkuru ya sakaɗa wata ƙwallo ta gefen layi, mai kyau ba laifi. Tela ya ce a ransa ga dama. Ya ɗaga hannuwa, ya buɗe su, sai ya ji ido a kansa. Yaya ko juyowa bai yi ba, ta wutsiyar ido yake kallonsa, irin kallon da ya shekara yana yi wa fasinjoji ta madubin mota har ya san wanda zai sulale bai biya ba. Tela ya mai da hannun kan wuya ya hau susa.

"Tela," in ji Yaya, idonsa a kan talabijin. "Na san ƙanwata, na san 'yata, kai ma na san ka. In ka yi mini tafin tausayi, wallahi ƙafata ba za ta sake taka shagon nan ba. Ka bi gwaninka, ka bar ni da nawa."

Shi ke nan, dabara ta mutu. Tela ya ji kunya ta rufe shi, ga baƙin ciki a kai. In Tsawa ya ci ya rasa Yaya, in ya tafa ya rasa Yaya. Abin da ya rage kawai Kunkuru ya ci da kansa, kuma ko makaho ya ga yadda yake jan ƙafar hagu. Tela ya tura hannuwansa ƙarƙashin cinya ya danne, ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.

To amma tanis ba ya barin mutum da tunaninsa. Tsawa ya ɗauki zagayen farko cikin sauƙi. Kunkuru ya ja na biyu ya yi ta ja, kowace ƙwallo sai ta je ta dawo har mai kallo ya manta numfashi, ya ƙwace shi. Tsawa ya fusata ya rama a na uku. A na huɗu sai tsohon ya fito da wayon da ya tara, yanzu gajeriyar ƙwallo a bakin raga, an jima doguwa ta saman kai, har dogon ya fara yi wa raket ɗinsa faɗa. Kafin a shiga na biyar, wanda shi ne na raba gardama, Tela ya manta da Nas, ya manta da benci, ya manta da komai. Ya dawo Telan da aka sani, yana zunduma wa Tsawa kirari, yana cewa a gama da tsohon nan a tafi gida. Yaya yana mayar masa, yana cewa tsawar da ba ruwa ai hayaniya ce. Auta ta kawo ƙarin shayi, ta ga yadda abin ya ɗau zafi, ta tsaya a bakin ƙofa da filas a hannu.

Aka kai inda maki ɗaya ya rage wa Tsawa ya ɗauki kofi, kuma shi ke da bugu. Ya saki ƙwallon da duk ƙarfinsa. Kunkuru ya miƙa raket da ƙyar ya taɓo ta. Tsawa ya aika ta kusurwar dama, tsohon ya bi ta. Ya aika ta hagu, ya bi ta yana ɗingishi. Ya sake mai da ita dama, Kunkuru ya zame ya faɗi a kan gwiwar nan mai ciwo, amma daga ƙasan ya ɗaga ta sama. Tsawa ya matso bakin raga ya maka ta, irin makawar da ba a dawo da ita, har ya fara ɗaga hannu. Sai ga tsohon ya miƙe, ya juya wa raga baya yana gudu, gudun da babu wanda ya san yana da sauransa, ya cim mata dab da allon talla, ya watso ta ta gefen kafaɗa ko waiwaye bai yi ba. Ƙwallon ta wuce Tsawa ta sauka a kan layi.

Filin ya ɗauka gaba ɗaya. Shagon Tela ma ya ɗauka.

Amma ƙwallon nan ba ta hana abin da zai faru ba. Ƙafar Kunkuru ta riga ta ƙare, bayan 'yan bugu kaɗan Tsawa ya rufe wasa. Samarin tsallake suka ɓarke da ihu. A talabijin gwanayen biyu suka haɗu a raga suka rungumi juna suka daɗe, dogon ya sunkuya yana faɗa wa tsohon magana a kunne, shi ne ma ya fara kuka.

Daɗi ya ɗebi Tela, ya juya don ya yi wa Yaya tsiyar da aka saba. Sai ya gan shi a takure a kan katako, hannu ɗaya dafe da ƙugu, yana share ido da bakin hula. Ya fasa tsiyar. Wannan ce nasarar da ya jira fiye da kowacce, ga ta ta zo, kuma da ana mayarwa da ya mayar. Ya zauna yana jiran Yaya ya faɗi kalmar nan ta wanda ya faɗi, ya san in ya ji ta yau sai ta karya masa zuciya.

Yaya bai faɗe ta ba. Ya jawo sanda, ya miƙe a hankali, ya tako har gaban kujera ya tsaya.

"Tashi," ya ce.

Tela ya ɗaga kai bai gane ba.

"Ka tafa wa gwanina. A tsaye ma ka yi, har da cewa Allah ya yi masa albarka. Tashi mini daga kujera."

Tela ya rantse bai yi ba, kuma har ga Allah bai san ya yi ba. Ya ce hannuwansa a ƙarƙashin cinya suke tun zagayen farko. Ya juya wajen Auta neman shaida, ta ce ita dai ta ga wani mutum mai kama da mijinta ya yi tsalle har hularsa ta faɗa bayan keke, yana tafi kamar zai fasa hannu. Tela ya shafa kai ya ji babu hula. Ya buɗe tafukansa, ga su jawur, suna yi masa zogi.

Wani sanyi ya sauko masa tun daga ƙirji. Amma da yake shi ma ɗan taurin kai ne, kuma kujerar da ya ci da gumin Tsawa ce za a raba shi da ita, sai da ya yi musu na gaske. Ya ce wannan bugun ko alƙalin wasa ya so ya tafa, ai ba a kama mutum da irin wannan. Yaya ya ce shi ma abin da ya faɗa ke nan a waccan shekarar, aka ce masa doka doka ce. Ya tambayi Tela ko ya tuna wanda ya faɗa masa hakan.

Tela ya tashi. Yaya ya juya ya sauka cikin kujerarsa sannu a hankali, ya laluba dama ba tare da ya duba ba, ya ja ƙarfen, ta kwanta da shi daidai inda bayansa yake so. Ya saki wani dogon numfashi ya lumshe ido.

"Tun da aka fara nake kallon hannunka," ya ce, murya ƙasa ƙasa. "Da na ga ɗigon ƙarya a ciki, da yanzu ina bakin titi ina jiran mota. Amma ka gan shi yau, ko? Ka ga abin da nake gani duk shekarun nan."

"Na gan shi, Yaya."

Auta ta zuba musu shayi ta koma gida tana cewa Allah ya shirye su. A talabijin ana miƙa kofi, ana ta jawabai cikin harshen da ba su damu su ji ba. Tela ya zaƙulo hularsa daga bayan keke ya kaɗe ta, ya ɗauko matashin nan da ya ɗinka daga kan teburin yanka, zai ɗora a benci. Yaya ya buɗe ido ɗaya. Tela ya mayar da matashin inda yake, ya zauna a kan katako, daidai wurin da ya yi sheƙi.

Da Nas ta iso ta ɗaga labule, sai ta ga babanta kwance cikin kujera ya miƙe ƙafa, kofin shayi a kan ciki. Ta dubi talabijin ta ga Tsawa ne yake riƙe da kofin gasa, ta dubi Tela a benci, lissafin ya ƙi fita. Babanta ya ce kada ta tsaya tambaya, ta dai san cewa ranar Laraba akwai wasu yara da za su buga, da wuri yake so a kawo shi. Sannan ya juyo da kai wajen benci.

"Ban ji ka faɗa ba."

Tela ya gyara zama. Katakon da tauri, kuma ya san shi da shi ke nan har iyakar rayuwa.

"Sai sun sake haɗuwa," ya ce.